Murfin Lagireto Mai Zane Biyu

Kafin in lalace, ni bakanike ne da ake yabo a Wudil. Mahaifina, manomi a Indabo, shi ya sayar da tumakinsa ya saya mini kayan aiki.

Abin ya fara ne da murfi guda. Wani direba ya kawo mota a duba masa ruwa, murfin lagiretonsa sabo, nawa kuma ya mutu. Na musanya, ya tafi. Mataccen murfi ba ya riƙe ƙarfin ruwa. Mota tana gudu ruwan yana tafasa, yana fita a tururi. In an tsaya a leƙa ƙasa, ba a ganin ko ɗigo.

Na ba abokina Ɗanliti, mai gareji a Darki, labari. Ya yi dariya ya ce, "Shegen kai! Turo su, in ce musu gasket ɗin cikin inji ne ya ƙone, su biya kuɗin babban gyara." Daga nan muka mai da shi sana'a, musamman ranar kasuwa. Nakan yi wa kowane mataccen murfi zane biyu da ƙusa don kada ya ruɗe ni. Masu kyan nakan tara su a gwangwani, in sayar.

Wata Asabar da hantsi aka kira ni, numfashin Baba yana sarƙewa. Na yi shatar motar wani direba, Malam Sabo, muka ɗauki Baba muka nufi asibiti a Kano. Mun haye gadar Wudil da kaɗan allurar zafin inji ta hau ja.

Muka tsaya. Na duba tiyo, ƙalau. Fanka tana juyawa. Na zaro ma'aunin baƙin mai, bai yi fari ba. Bututun salansa ba farin hayaƙi, ƙarƙashin mota a bushe. Amma da inji ya huce na sa tsumma na buɗe murfin lagireto, babu ruwa. Muka zuba, muka tashi. Ba mu yi nisa ba ta sake.

Malam Sabo ya ce, "Wallahi Oga, jiya ma aka duba ta a Wudil. Ina ruwan yake zuwa?"

Ban sani ba. Na daɗe ina ƙirƙirar ciwon mota, yau ga na gaske ya tsaya mini a gaba. Baba ya ɗago kai daga kujerar baya ya ce, "Kai fa bakanike ne. Mene ne ya gagare ka?"

A tsayawa ta uku tsumman ya zame. Na ga zane biyu a kan murfin.

Ban tuna motar ba, ban tuna fuskar mutumin ba. Shi ma bai gane ni ba, don yana masallaci aka yi aikin, ɗan'uwansa ne ya kawo ta. Ga gwangwanina cike da murafa masu kyau a gareji, ni kuma ina bakin titi hannu wofi. Kafin mu sami wata motar azahar ta wuce. Baba ya cika ana shigar da shi asibiti.

Ranar sadakar uku na faɗa wa Malam Sabo gaskiya. Ya dube ni ya ce, "Mu nawa ne?" Wannan ma ban sani ba. Direbobi suka kai ƙara, kotu ta ɗaure mu, ni da Ɗanliti.

Na fito bara. Na tuba, na bi waɗanda na iya ganewa na nemi gafara. Likita ya ce mini wataƙila da mun iso da wuri Baba ya tashi, wataƙila kuma a'a. Na yarda ajali ba ya jinkiri. Amma ni na yi zanen nan, kuma har yau na kasa raba shi da mutuwar Baba.

Matasa, in motarku tana shan ruwa ba ku ga yoyo ba, ku bari ta huce, ku fara da murfi. In kuwa amana aka kawo muku, ku mayar da ita yadda ta zo. Ba ku san wanda zai kwanta a kujerar baya gobe ba.