Abin da Dogo Yake Karantawa

Ba da son ranta ta shiga aikin laburare ba. Aikin jinya ta nema ba ta samu ba, sai yayanta ya kai ta wurin tsohon da ke riƙe da laburaren unguwa, wanda kowa ke kira Baba Shiru, don kalmar da ta fi yawa a bakinsa ke nan. Ranar farko tsumma ya miƙa mata.

"Goge kantocin nan. Littafin da hannunki bai taɓa ba, ba ki san inda yake kwana ba."

A hankali ya koya mata sauran. Ya ce mai tambaya ba ya fito da ainihin tambayarsa a karon farko. Wanda ya ce a ba shi littafin doka, wataƙila mai gidan haya ne ya watso masa kaya waje, sai an bi shi sannu. Ya kuma ce abin da mutum ya karanta amana ce.

"Ko uwar da ta haife shi ce ta tambaya, bakinki alaikum."

"Haba Baba, wace uwa ce za ta zo nan bincike?"

"Ki dai daɗe a aikin," ya ce.

Ta daɗe ɗin. Baba Shiru ya rasu, ita ta koma Anti Laburare a bakin mutane. Har yau idan ɗakin ya yi tsit, takan ji kamar tarinsa a bayan kantar ƙarshe.

Akwai wani mai gyaran rediyo da ake ce wa Dogo. Ranar da ya fara zuwa, littafin abinci ya nema.

"Na girki, ko na wa?"

Ya sosa ƙeya. "Na wanda ƙafafunsa ke kumbura."

Daga nan ta kai shi kantar lafiya, har suka tsaya a kan wani littafin ciwon ƙoda. Kullum da yamma yakan zauna a kujerar bakin taga da littafin nan. Bai taɓa ara ba. "A gida akwai mai ido," in ji shi, yana dariya. Sai ya daina zuwa. Bayan haka labarin rasuwarsa ya iso.

Wata safiya tsohuwa ta shigo, ta tsaya gaban tebur tana riƙe da jakarta da hannu biyu.

"'Yata, ni ce uwar Dogo. Me yake karantawa a nan?"

Amsar na kan harshenta. Ga kantar can, taku kaɗan ne. Amma in ta faɗa, tsohuwar za ta san ɗanta ya daɗe da sanin ciwonsa ya ɓoye mata. Sai ta ji kamar tarin Baba Shiru.

"Zauna, Inna. Ba ma faɗin abin da mutum ya karanta."

"Ko ya mutu?"

"Ko ya mutu. Amma gaya mini, in kin sani, me zai yi miki?"

Tsohuwar ta murza bakin jakar.

"Kullum sai ya rufe shago da wuri, ya ce ya tafi laburare. Na ce masa ƙarya yake, ƙato da shi, karatun me? Yawon banza dai. Da wannan maganar muka rabu." Ta ɗago. "Yana zuwa?"

"Yana zuwa, Inna. Kullum. Zo ki ga wurinsa."

Ta kai ta kujerar bakin taga. Tsohuwar ta shafa katakon, ta zauna, ƙafafunta ko ƙasa ba sa kaiwa sosai.

"Nan ya ishe shi, da dogayen ƙafafun nan?"

"Sai ya miƙe su hanya, kowa na tuntuɓe."

Tsohuwar ta yi 'yar dariya, ta goge ido da gefen mayafi. Ba ta ƙara tambayar littafi ba.

Bayan ta tafi, Anti Laburare ta ɗauki tsumma ta nufi kantar lafiya. Ta zaro littafin don ta goge, sai ya buɗe da kansa a shafin da ya saba buɗewa, inda gefen takardar ya yi baƙi da yatsan mai gyaran rediyo. Ta rufe shi, ta mayar inda yake kwana.