Kalangun Ƙanena

Ina da shekara talatin da bakwai na yi damben da ya fi kowanne a rayuwata, kuma da ƙanena na yi shi. Mu mahauta ne a Kusfa, dambe gadonmu ne. Tun ina saurayi nake naɗe hannu, na taɓa kokawa, na koyi shuri wurin wani tsohon soja a Gyallesu. Amma sai da furfura ta fara leƙowa a gemuna abubuwan nan uku suka yarda suka zauna a jiki ɗaya. Kafin nan ƙarfi kawai gare ni, kuma duk da ƙarfin na sha ƙasa ba adadi.

A farkon shekarun casa'in autanmu yana da ashirin da ɗaya, kuma shi ne na farko a gidanmu da ya kai babbar makaranta. Kwatsam ya ce zai ajiye karatun ya bi 'yan dambe gari-gari. Inna ta yi kuka har ta gaji, sannan ta kira ni ɗaki ta ce, "Ka hana shi. Ban damu da ta yaya ba."

Na same shi a zaure na ce, "Turmi uku, ni da kai. In ka kai ni ƙasa, da kaina zan raka ka tasha. In na kai ka, ran Litinin ka koma aji."

Ya tuntsire da dariya. "Yaya, ka rufa wa kanka asiri. Gwiwarka har ƙara take yi in za ka miƙe daga sujada."

Gaskiya ya faɗa. Ya fi ni gudu, ya fi ni numfashi, ya fi ni tsayin hannu. Ko a jikina.

Muka haɗu bayan la'asar a wani fili kusa da ganuwa, wajen Ƙofar Doka. Da na hango ya taho da makaɗinsa, sai hankalina ya kwanta. Kowane ɗan dambe yana da takensa, kiɗan da ake yi masa shi kaɗai, kuma saurayi ba ya iya jin takensa ya tsaya. Da makaɗi ya matse kalangu sautin ya hau, hannun yaro ya tashi, ko akwai ƙofar kai naushi ko babu. Sai da na yi shekara goma sha biyar a fili, na bar haƙora biyu a can, kafin na gane haka. Tun daga nan na rage kallon hannun abokin karawa, na koma sauraron makaɗinsa.

Turmin farko na yi ta ja da baya, 'yan kallo suna yi mini ihu. Ya same ni sau ɗaya a haƙarƙari, har numfashina ya ɗauke, amma na yi masa murmushi. A turmi na biyu na ji kalangun ya fara hawa. Kafin ya ɗaga hannu na riga na shige jikinsa, na shure ƙafarsa ta gaba, na ɗora masa naushi a ƙirji. Ya dafa ƙasa. A dambe, in hannunka ya taɓa ƙasa magana ta ƙare.

Ran Litinin ya koma aji. Ya gama, ya samu aikin gwamnati, bai sake naɗe hannu ba. Inna ta yi ta sa mini albarka har ta bar duniya, kuma ko yau aka maimaita, abin da zan yi ke nan.

Bayan shekaru, ranar sunan ɗansa na fari, muna zaune a ƙofar gida ya sassauta murya ya ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, da ka bar ni na tafi, da na zama wani abu a dambe?"

Na dube shi. Yaron nan komai yana da shi, shekaru kawai suka rage masa. Da ya samu goma a fili, ban ga mai tsayawa gabansa a ƙasar Zazzau ba, har da ni.

Na ce, "Allah ne masani. Tashi ka kai wa baƙi goro."

Abin yana damuna har yanzu.