Ƙwallon da Na Taɓa da Ƙafata

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma ranar da na taɓa ƙwallon Yagana da ƙafata tana nan daram a raina. Ku da kuka shigo aikin nan a bayana kun sha tambayata abin da ya sa nake matsa muku a kan rahoton rakiya. To, ga dalilin.

A lokacin ina ƙaramar metiron a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Gashuwa. Ga wanda bai sani ba, aikin metiron shi ne kula da ɗakunan kwana, da marasa lafiya, da wadda ta ƙi cin abinci. Sama da ni akwai babbar metiron, sama da ita sai firinsifal, Hajiya Asabe. Dokar makaranta ita ce ɗaliba ba ta barin gari sai da 'yar rakiya, in an dawo kuma 'yar rakiyar ta rubuta abin da ya faru da hannunta, a sa a fayil ɗin yarinyar. Ni da girmana na koyi rubutu, a ajin yaƙi da jahilci, ina goyon ɗana na uku. Shi ya sa hannuna ba ya sauri.

Yagana 'yar Nguru ce, shekararta goma sha bakwai, tana ajin ƙarshe. Mahaifinta, Malam Modu, ya daɗe yana aikin ban-ruwan ciyawa a wani filin wasan golf a Kaduna. A can ta tashi, a can ta koyi bugu. Da ya ajiye aiki suka dawo gida da tsofaffin sanduna da wani ya ba shi. Kullum bayan la'asar za ka same ta a bayan kicin ɗin makaranta, ta binne gwangwanin madara cikin yashi tana auna shi da 'yar farar ƙwallo. Masu girki suna yi mata tsiya, wai tana korar ƙwan zabo da sanda. Sai ta yi murmushi ta ci gaba.

In an yi hutu takan je gasa ta dawo da kofi. A zango na biyu sai ga takarda: za a yi gasar matasa a Kano, kuma masu ɗaukar nauyin 'yan wasa za su zo kallo. Wadda suka zaɓa za ta shiga sahun ƙwararru, wato wasan ya zama sana'arta. Malam Modu ya yarda ta je, amma ya ce ba namiji ne zai ɗaukar mata jakar sanduna ba. Da haka jakar ta faɗo a kaina.

A mota ta yi mini bayani. Ta ce, "Mama, naki ɗaukar jaka ne da miƙo sanda. Ramuka goma sha takwas ne, wadda ta gama su da bugu mafi kaɗan ita ta ci."

Na ce, "Ashe wasan masu haƙuri ne. To na iya."

Da aka fara gasar, na ga abin da ban taɓa ganin irinsa ba. Yarinyar da nake tayarwa sallar asuba da ƙyar, in ta tsaya a kan ƙwallo sai manyan mutane su yi tsit. In ƙwallo ta faɗa cikin yashi sauran yaran sukan ruɗe, ita kuwa kamar ta dawo bayan kicin ɗinmu. Bugu ɗaya take fitar da ita.

Rana ta biyu, saura ramuka uku a gama, suna kunnen doki da wata yarinya 'yar Legas. Yagana ta buga, iska ta karkatar da ƙwallon ta faɗa gindin wata bagaruwa. Na riga kowa isa wurin. Na ga ƙaya ta ko'ina. Ni kuwa uwa ce, duk rayuwata in na ga ƙaya a hanyar yaro ɗauke ta nake. Na sa ƙafa na turo ƙwallon waje kamar taku ɗaya. Babu wanda ya gani.

Ta iso, ta dubi ƙwallon, ta dubi ɗan layin da ta bari a ƙasa.

"Mama, a nan kika same ta?"

"A'a, can ciki take. Na ga ƙaya za ta yage miki hannu."

Sai ta ɗaga hannu tana kiran alƙalin wasa. Nan na gane na yi ɓarna. Na kama gefen hijabinta na ce, "'Yar nan, ai babu wanda ya gani."

Ta ce, "Na sani, Mama. Amma ni zan sa hannu a katin."

A wasan nan, kowane ɗan wasa shi ke sa hannu a katinsa cewa bugun da aka rubuta gaskiya ne, kuma laifin mai ɗaukar jaka laifin mai jaka ne. Alƙali ya ƙara mata bugu ɗaya, aka mayar da ƙwallon cikin ƙaya. Ta buga ta fito, bayan hannunta yana jini. Da bugu ɗaya tak 'yar Legas ta cinye ta. A hanyar dawowa ni ce nake kuka, ita tana ɓare mini lemo.

Duk da haka masu ɗaukar nauyin suka zaɓe ta. Kafin mako ya zagayo hotonta ya cika wayoyin Nguru da Gashuwa. A tasha masu a-daidaita-sahu suna cewa ashe yashin da muke raina wata ta yi jari da shi. Wata mai ƙosai a bakin makaranta ta sa wa jikarta suna Yagana. Wasu kuma suka ce yarinya ƙarama, ba ta ko gama makaranta ba, za a jefa ta cikin duniya. Wani dattijo ya tare ni a kasuwar kifi ya ce, "Wai da gaske bin ƙwallo da ƙafa wuni guda sana'a ce?" Na ce masa haka na gani.

Ga inda gizo ke saƙar. Shiga sahun ƙwararru yana nufin za ta yi watanni ba ta aji, doka kuwa ta ce a soke sunan mai irin wannan fashi. Malam Modu ya ce in za a soke sunanta, ta rasa jarrabawar ƙarshe, to ba inda za ta. Aka bar maganar ga kwamitin iyaye da malamai.

Babbar metiron ta kira ni gefe. Ta ce, "Hajara, ki rubuta an je lafiya an dawo lafiya. Kada ki tona wa kanki asiri, ana dab da ƙarin girma." Don ƙauna ta faɗa. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga. Sai na ga ba zan iya ba: yarinyar da na haifi sa'arta ta faɗi gaskiya a gaban jama'a, ni in ɓoye a takarda? Kwana uku na yi ina rubuta shafi biyu.

Ranar zama, shugaban kwamiti, Alhaji Sale, babban ɗan kasuwar hatsi a Nguru, shi ya fara magana. Ya ce, "Hajiya, ba ƙin yarinyar nan nake ba, kowa ya ji daɗin abin da ta yi. Amma yaro in ya fara cin abinci da wasa, ya shiga cikin masu buɗaɗɗen ido, wa zai riƙe shi? Mu ba ma can."

Mutane suka gyaɗa kai. Malam Modu ya sunkuyar da nasa. Sai Hajiya Asabe ta buɗe fayil ta ce akwai rahoton rakiya, bari ta karanta kafin a yanke. Ta karanta shi duka, har inda na rubuta cewa ni na ce mata babu wanda ya gani. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji Sale ya juyo. "Baiwar Allah, ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Kuma da gaske babu wanda ya gani?"

"Sai ni da ita da Allah."

Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Tun ina saurayi nake awo a kasuwa. Na san masu furfura da in ka juya baya sai mudu ya rame. Wadda ta riƙe kanta a gindin ƙaya ba ta bukatar mu bi ta da sanda. A bar sunanta a rajista, ta tafi da littattafanta, ta dawo ta zauna jarrabawa." Ya ɗan yi murmushi. "Amma wannan metiron kada a sake ba ta jaka."

Aka yi dariya, har da Malam Modu, yana share ido da bakin rawani.

Hajiya ta ja mini kunne a ofis, kamar yadda ya kamata, ƙarin girma kuma ya tsallake ni a shekarar. Yagana ta dawo ta yi jarrabawarta. Yanzu sai dai in ga wasanta a wayar ɗana, har yau in ta tsaya a kan ƙwallo nakan riƙe numfashi.

Abin da na koya shi ne, mu masu wannan aiki hannunmu yana saurin kai wa yaro ɗauki, kuma ba laifi ba ne. Amma akwai ƙayar da ba taka ba ce ka ɗauke, tsayawa za ka yi a gefe da jaka. In kuwa ka riga ka taɓa, to ka rubuta ka taɓa. Da na rubuta an je lafiya an dawo lafiya, da yanzu Yagana tana Nguru, sandunanta a ƙarƙashin gado.