Jiƙaƙƙen Hannun Kofur Maina

Har yau ranar da aka sauke akwatin nan a ƙofar ma'ajiyar makamai ba ta fita daga raina ba. Talata ce, damina na gab da faɗuwa. A lokacin ina Sufeto a aikin ɗamara a Haɗejiya, kuma makullin ma'ajiya a hannuna yake, shi ya sa na ƙasa da ni suke kira na Baba Amora, wato mai kula da makamai. Ga wanda bai san aikin ba, duk bindigar da za ta fita sintiri ni zan miƙa ta, in ta dawo ni zan karɓa, in duba ta, in goge, in mayar da ita mazauninta.

Fistol uku ne a cikin akwatin, kowacce daga kamfani daban. Duk manya ne, irin na ratayawa a ƙugu, masu ɗana kansu bayan kowane harbi. Takardar da ta biyo su daga hedikwata ta ce tsofaffin bindigoginmu na libarba sun gaji, za a sauya su. Mu gwada ukun, mu aika da rahoton wadda ta fi dacewa da yankinmu. An ja layi a ƙarƙashin kalmar yankinmu, domin rabin shekara sintirinmu a fadama yake, yau a babur, gobe a kwalekwale.

Ta farko ƙarfe ce zalla, baƙa, mai nauyi, mariƙinta mai kauri kuma sumul. Ta biyu rabin jikinta roba ce mai tauri, mariƙinta na da kaushi, da ɗan zobe a gindi na ɗaura igiya. Ta uku ta cije mana sau biyu tun gwajin farko, muka ajiye ta gefe. Ni kuwa tun da na ɗaga ta ƙarfen hankalina ya kwanta da ita. Hannuna babba ne, ta cika shi daidai, kuma mu mutanen da, ba mu yarda abu marar nauyi makami ne ba.

Ranar Alhamis muka fita filin harbi, wajen gari ta hanyar Malam Madori, mu takwas. Ƙa'ida ita ce kowa ya harba kowacce a tsaye da a durƙushe, ya faɗi ra'ayinsa, ni kuma in rubuta. Fili busasshe, rana fes. Ta ƙarfen ta yi kyau, saboda nauyinta ba ya barin ta ta yi tsalle a hannu.

Na ƙarshe a layi shi ne Kofur Maina, gajeren mutum, ɗan masunta daga wani ƙauye kusa da Auyo. Kakanninsa Barebari ne, ni kuma Bafulatanin gari, don haka akwai wasa tsakaninmu tun ranar da aka kawo shi. Duk bariki shi kaɗai ke iya ce mini bawansa a gaban mutane ya kwana lafiya.

Kafin ya taɓa bindiga sai ya ɗauki buta ya zuba wa hannayensa ruwa har gwiwa.

Na ce, "Kofur, azahar ba ta yi ba, alwalar me kake yi?"

Ya ce, "Baba Amora, mu a garinmu in mutum zai zaɓi filafilin tuƙa kwalekwale sai ya jiƙa hannu tukuna. Duk abin da za a riƙe a kan ruwa a jiƙe muke gwada shi."

Ya ɗauki ta ƙarfen, babu harsashi a ciki, ya kama murfin saman zai ja baya kamar yadda ake yi in za a ɗana. Ta juya a tafinsa, da ƙyar ya tare ta da cinya. Ya ɗauki ta robar ya ja, ta zauna daram.

"Wannan ta ƙarfen ai tarwaɗa ce," in ji shi. "Sai dai hannun Bafulatani da ya saba da hantsar saniya."

Na ce, "Laifin bindiga ne ko na yatsun Babarbare da aka yi su kamar ƙwayar gyaɗa? Yaushe bawa ya fara zaɓa wa ubangidansa makami?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Da muna haɗa kaya ya matso kusa da ni ya ce, "Ka dai rubuta, Baba. Ko zoben igiya ba ta da shi."

Ban rubuta ba. A rahotona na ce mutum takwas sun gwada, duk sun amince da ta ƙarfe. Ba zan ce rahotona kaɗai ne ya yanke hukunci a hedikwata ba, amma ita aka kawo mana.

A nan akwai abin da ya kamata ku gane. A aikinmu Kofur ba ya iya ce wa Sufeto ya yi kuskure a gaban jama'a. Ƙofa ɗaya Maina yake da ita ta gaya mini gaskiya, ita ce wasan da ke tsakaninmu, kuma ta nan ya bi. Na fahimci haka tun a filin. Na bar maganar a wasa ne don ta fi mini daɗi a can.

Damina ta zagayo, kogi ya cika ya malale fadama. Akwai dokar da ni da kaina na liƙa a ƙofar ma'ajiya: duk wanda zai shiga kwalekwale da fararen hula, sai ya cire gidan harsashi, ya ja murfi baya ya tabbatar babu saura a ciki. Aka tura Maina da wani Saje su raka iyalan da ruwa ya ci ƙauyensu a bayan Auyo. Babu busasshen gaɓa a wurin. Yana tsaye cikin ruwa har cinya, ana yayyafi, ya bi dokata. Bindiga ta suɓuce, ruwa mai gudu ya rufe ta. Ya yi ta nutso har magariba. Masunta suka taya shi kwana uku, ba a samu ba.

Ɓatar da makami shi ne laifi mafi nauyi bayan kisa, domin abin da ake fara zato shi ne an ɓoye shi don a ba ɓata-gari. Aka kafa kwamitin bincike na hafsoshi uku. Maina ya gaya musu ya yi ƙorafi a kan mariƙin tun ranar gwaji. Aka kira ni.

Shugaban kwamitin ya ce, "Sufeto, Kofur ya ce ya yi ƙorafi. Mun duba rahotonka ba mu gani ba. Ya yi ko bai yi ba?"

In na ce ya yi, rahotona ya zama ƙarya, ga shi saura shekara biyu in yi ritaya. Na ce, "Yallaɓai, abokin wasana ne. Wasa muka yi a filin."

Ɗaya daga cikin hafsoshin ya yi murmushi, don ya san yadda muke. Maina yana tsaye ƙame, bai dube ni ba. Bayan mako biyu aka karɓi kakinsa.

Da rani ya yi, ruwa ya janye, wata safiyar Juma'a ina goge bindigogi sai ga Maina a ƙofa da rigar gida, riƙe da tsohon buhu. Ya buɗe a kan teburina. Ita ce, ta yi tsatsa, laka ta toshe bakinta, amma lambar jikinta ta yi daidai da wadda ke littafina. Ashe tun da aka sallame shi duk mako sai ya koma wurin. A cikin saiwar kacalla ya same ta, ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa.

Ya ce, "Na kawo ne don kada a ci gaba da cewa ɗan Malam Bukar ɓarawo ne. A rubuta mini takardar an karɓa."

Sai bakina ya koma inda ya saba. Na ce, "Ashe Babarbare ya fi agwagwa nutso."

Ya ce, "Sufeto, mu bar wasan nan haka. Ya ci mini aiki."

Na rubuta masa takardarsa. Bayan ya tafi na zuba wa hannuna ruwan buta, na ɗauko ɗaya daga cikin masu lafiya na ja murfinta. Duk da girman hannuna sai da ta zame. Washegari na rubuta wa hedikwata abin da ya faru a filin gwaji tiryan-tiryan. An wanke sunansa daga zargin sata, ni kuma aka sa mini takardar gargaɗi a fayil, aka ba da umarnin naɗa wa mariƙan roba. Aikinsa dai ba a mayar masa ba, aka ce lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce.

Ku da ke riƙe da ma'ajiya yanzu, in an kawo muku makami don gwaji, ku kai shi inda za a yi aiki da shi, ku ba wanda ya fi kowa ƙaramin hannu, kuma ku jiƙa hannun. Sannan duk abin da na ƙasa da ku ya faɗa ku rubuta shi, ko da yana dariya ya faɗa, domin sau da yawa ba shi da wata hanyar faɗa.

Maina yana sayar da kifi a kasuwar Haɗejiya yanzu. Na nemi gafararsa a gaban yayansa, ya ce ya yafe, kuma na yarda. In na bi ta rumfarsa yakan miƙe ya gaishe ni, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Kowane zuwa nakan ɗan dakata ko zai ce mini bawansa. Sufeto yake ce mini.