Mama Dabora, Mutuniyar Togo Da Ta Kwanta A Jibiya

Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Ubangiji ya kira surukata, Mama Dabora, matar marigayi Baba Amos bakanike, a gidanta da ke Magama ta Jibiya, dab da iyakar Nijar.

Mama, daga arewacin Togo kuka zo da mijinki ta hanyar Maraɗi, ko "sannu" ba ki ji. A nan kika haifi Iliya, wanda ya auro ni daga wani ƙauye na Malumfashi. Da yake cocinmu ɗaya, na ɗauka ba abin da zai raba mu.

Ranar da na tare kika kirɓa sakwara da hannunki, kika ajiye kwano a tsakaninmu. Ni kuwa Bahaushiya ce, ba mu cin abinci a gaban suruka, sai na sunkuyar da kai. Ku kuma a wurinku, wanda ya ƙi kwanonka kai ya ƙi. Kika shiga ɗaki kika yi kuka, kina cewa ɗanki ya auro mai ƙyamarki. Maƙwabciyarki Salmatu ce ta fahimtar da ke cewa kunya ce. Washegari kika sake kawo kwanon, kika zauna kusa da ni, kika juya mini baya.

Kika ce, "Ladi, ci. Ba na ganin ki, amma ina jin ki."

Haka muka riƙa ci har na yi haihuwar fari.

Da Baba ya rasu a 2023, iyaka a rufe take. Ƙannensa suka bugo waya cewa a ajiye gawa a asibiti har hanya ta buɗe, a kai shi Togo a yi masa makoki da kiɗa da waƙa kamar yadda kuka gada. Iliya, wanda ya tashi yana ganin ana kai mamaci makwancinsa kafin rana ta faɗi, ya ce ba zai bar ubansa cikin ƙanƙara ba. Magana ta yi zafi har aka fara ambaton yanke zumunci. Sai kika karɓi wayar, kika ce ƙasar da ta ciyar da shi ita za ta rufe shi, waƙarsa kuma za ki kai musu har gida da 'ya'yansa. Kin cika alkawari. Da aka buɗe hanya kika kwashe mu duka, na yi rawa cikin dangin mijina, kina gyara mini taku.

Ga shi yau ƙannen Baba sun ƙetaro iyaka dominki, kuma su da kansu suka ce a kwantar da ke kusa da shi.

Ina yi wa Iliya da ƙanwarsa Hassana ta'aziyya, da dangi na Togo, da Inna Salmatu wadda ba ta bar tabarmar makoki ba tun ranar da kika rasu. Ubangiji ya ta'azantar da mu, ya riƙe gidan nan a haɗe. Ki huta lafiya a hannun Yesu, Mama, sai ranar tashi daga matattu. Amin.