'Yar Mai Tsaron Rijiya

A sito ɗin da Hindou ke naɗe tufafi a titin Wendover, an san ta da abu biyu: saurin hannu da nauyin baki. Shekara tara tana birnin Greensboro na Amirka, amma ko hon ɗin mota ba ta yarda a yi dominta ba. Wanda ya san uwar da ta haife ta kuwa, sai ya riƙe baki.

Uwar ita ce Inna Tekna, Buzuwa daga arewacin Agadas. Lokacin da wani kamfanin haƙar ma'adinai ya zo zai kewaye rijiyar kakanninsu da waya, tsohuwar nan ta shimfiɗa tabarma a bakin rijiyar, ta ce sai dai a kewaye har da ita. Wata bakwai tana nan zaune. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ga Hindou tana rarrafe, kuma ita ma ta sani. Bizarta ta mutu tun kafin ta haifi Sakinatou. In ta bar ƙasar, ba dawowa. In ta ɗaga murya a nan, a tambaye ta takardu, a raba ta da 'yarta mai shekara takwas. Gaba kura, baya siyaki, kuma abin yana cin ta kullum.

Abokiyar aikinta Celina 'yar ƙabilar Lumbee ce, mutanen da suka riga Turawa zama a yankin. Mace ce mai zafin nama, ba ta jin ana gwagwarmayar 'yan asalin ƙasa ta zauna. Wata Asabar a 2008 ta matsa wa Hindou sai ta raka ta taro a Elm Street. A cewarta, da su goma suke taruwa, yanzu har ɗaliban jami'a da limaman coci suna zuwa, kuma bana za a yi maganar makiyayan Afirka.

Hindou ta je riƙe da hannun Sakinatou, da niyyar tsayawa can baya. Tana ɗaga ido sai ga fuskar Inna a kan kwali, an buga ta da girma, da baƙin mayafinta da wannan hararar da Hindou ta girma a ƙarƙashinta. Mutum wajen ɗari uku suna tafi, ba wanda ya iya faɗin sunan Inna daidai. Daɗi ya kama ta.

Sakinatou ta ja mata zane. "Mama! That's Inna! Kakata ce!"

Wata 'yar jarida da ke kusa ta juyo, mai kyamara na biye da ita. Cikin fara'a ta miƙo makirufo, ta tambayi Hindou ko ta san matar, kuma ita Hindou mene ne cikakken sunanta.

Hindou ta dubi kyamarar, ta dubi ɗan sandan da ke tsaye a bakin titi yana hamma. Ba ruwansa da ita, bawan Allah, amma tsoro ba ya tambaya.

Ta ce, "Ban san ta ba. Yarinya ce, kamanni kawai ta gani."

Sakinatou ta zare hannunta. Ba ta sake riƙe hannun uwarta ba har bas ya sauke su a unguwarsu, High Point Road.

Washegari da hantsi Hindou ta kankare katin waya ta kira Agadas, inda wani ɗan'uwa ke kai wa Inna salula duk Lahadi. Ashe labari ya riga ta isa.

Inna ta ce, "An ce mutanen Amirka sun taru saboda rijiyarmu. A garinku ma. Kin je?"

"Na je, Inna."

"To, madalla. Ni na tsufa, Hindou, ƙafata ta fara ƙi. Amma tunda kina can, bakina yana can. Kin gaya musu ke 'yata ce?"

Sakinatou na tsaye a ƙofar kicin, tana jin komai, don muryar Inna ba ta buƙatar lasifika. Kunya ta rufe Hindou, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

Ta ce, "Na gaya musu, Inna."

Tsohuwa ta yi ta sa mata albarka, ta daɗe tana yi. Hindou na amsawa da amin, idonta na kan yarinyar, tana roƙon ta da ido kada ta yi magana. Sakinatou kuwa ba ta yi ba. Ta juya ta shige ɗaki, ta rufe ƙofa a hankali.