Ɗan Guntun Ƙashin da Ya Tsayar da Keken Ɗinkina

Salamu alaikum 'yan uwa. Shekaru ke nan ina riƙe da labarin nan ban taɓa rubuta shi ba. Yau dai ga shi.

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara ina ɗinki a Zurmi. Kowace mace hijabi take nema, kekena na ƙafa ba ya hutawa.

Wata Alhamis na dawo daga kasuwar Shinkafi da yadi a ka. Wajen saukowa daga mota ƙafata ta dama ta gurɗe. Na ji ƙas! a gefenta na waje.

Kafin la'asar ƙafar ta kumbura, ta yi baƙi.

Maigidana, Malam Sani, ya kira maɗori. Ya ja, ya murza, ya ce, "Targaɗe na, kwana ukku ta taka."

Mako biyu ban iya taka keke ba. Ga salla ta matso, ga ɗinkin mutane jibge. A zaune nake salla. Na fara tsoron gurguncewa.

Na ce, "Malam, wanga ba targaɗe ba na. Kai ni asibitin Ƙaura a yi hoton ƙashi."

Ya kai ni.

Muka yanki kati, muka bi layi har azahar, aka yi hoton. Likita ya ɗaga hoton, ya nuna mini wani ɗan guntu kamar ƙwayar wake.

Ya ce, "Hajiya, akwai jijiya mai ƙarfi da ke saukowa ta bayan idon sawu, ta kama gindin dogon ƙashin da ke zuwa ƙaramin yatsa. Da ƙafar ta gurɗe, sai ƙashin ya ɓalle daidai inda jijiyar ta kama."

Na ce, "Yanke ƙafar za a yi?"

Ya yi murmushi. "Haba! Kin yi sa'a. Da karayar ta ɗan matsa gaba, inda jini ba ya isa sosai, ƙila sai an yi aiki. Wannan haƙuri kawai take so."

Aka ɗaure ƙafar da filasta mai tauri, mako shida. Ƙaiƙayi, zafi, sanduna biyu. Kuɗi sun tafi, amma ban yi da-na-sani ba.

Na mayar wa kowa yadinta. Wata tsohuwa ta ƙi karɓa, ta ce, "Ɗiyata, aje shi. Ni ka jiranki."

Da aka cire filastar ƙafar ta rame. Na dinga motsa ta kullum yadda aka koya mini. Wata uku cif na koma kan keke, kuma hijabin tsohuwar nan na fara ɗinkawa.

Alhamdu lillahi. Malam, Allah ya saka da alheri. Likitan nan, ko kana ina, na gode.

Shawarata: in ƙafa ta gurɗe, gefenta na waje ya kumbura, kuka kasa taku ko kaɗan, kada a ja, kada a murza. A yi hoto tukuna.

Ƙashin ƙarami ne, amma duk jiki a kansa yake tsaye.